Rawa a Bakin Karyayyar Gada

Tun daga bakin layi Faustina ta hango baƙar motar a ƙofar gidansu. Ba sai an gaya mata mai ita ba. Mota ɗaya ce mai irin wannan baƙin gilashi take shigowa unguwarsu, ta Leonard, na hannun daman ɗan siyasar nan da duk yankin ake kira Oga.

Ta sallami ɗan acaɓa, ta shiga da jakar littattafan 'yan ajinta a kafaɗa. Mamanta, Patricia, tana tsakar gida tana tankaɗe acca.

"Mama, sannu da gida."

"Sannu da dawowa. Ajiye jaka ki shiga falo, Babanki yana nemanki. Baƙonki ya zo tun ɗazu."

"Ni ba ni da baƙo, Mama."

"To baƙon Babanki. Ki shiga dai, amma ki riƙe bakin nan naki."

Baba Silvanus yana kan kujerarsa ta kullum, tabarau a karan hanci. Tsohon hedimasta ne, dattijo a coci, mutumin da ko gyaran murya ya yi sai gida ya yi tsit. Ƙanwarsa Anti Lucy tana gefe tana fifita da gefen zani. Leonard kuwa ya sha farar shadda, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ƙamshin turarensa ya cika ɗakin.

Faustina ta durƙusa ta gaishe su. Baba ya miƙa mata waya.

Hotunanta ne. Ga ta a tsohuwar rumfar tashar jirgin ƙasa, akayau ɗaure a ƙafafunta, tana rawa. Ga saurayinta Kamsi yana gyara mata ɗankwali. Ga ta a bayan babur ɗinsa. Ga su a bakin hanya suna raba gasasshiyar masara suna dariya. Duka daga nesa aka ɗauka. Babu abin kunya ko ɗaya a ciki, amma a duk ranakun nan ba ta taɓa jin akwai ido a kanta ba.

Ta ɗago. "Wa ya ɗauki waɗannan?"

Leonard ya yi murmushi. "Haba Faustina, garin nan ƙarami ne. Masu ƙaunarki ne suke kula da ke."

"Mai ƙauna daga bayan bishiya yake ɗaukar hoto?"

"Ke!" Baba ya katse ta. "Na gaya miki tun Ista. Yaron nan Kamsi ban ce ɓarawo ne ba, ban ce mashayi ne ba. Amma ba namu ba ne. Kuma kamarar da yake yawo da ita za ta ɗebo miki ruwan da ya fi ƙarfinki. Ga Leonard ɗan gida, na san babansa, na san kakansa. Ya zo ta ƙofa, ya nemi aurenki yadda ake yi. Me kike so kuma?"

Anti Lucy ta karɓe. "Gaya mata dai, Yaya. Ibo ko ya tsufa a nan, ranar da ya tashi tafiya gida da 'ya'yanki zai tafi."

"Anti, wane gida? A garin nan aka haife shi, a nan aka haifi babansa. Kakansa ne direban jirgin da ya kai Baba kwaleji, Baba da bakinsa ya ba mu labari."

Baba ya kawar da kai.

Leonard ya gyara zama, ya sassauta murya. "Baba Hedimasta, ni ba na son surutu. Ranar Asabar za su je Ungwan Kumai su yi fim a bakin gada. Ka zo ka gani da idonka, ni zan ɗauke ka a mota. In ka ga abin da ake sa 'yarka tana yi a gaban jama'a, sai ka yanke hukunci da kanka."

"Zan je," in ji Baba. Ya dubi 'yarsa. "Tashi ki ba ni wuri."

Maganar gadar nan tsohuwa ce. Tun daminar bara waccan ruwa ya cinye ta, mutanen Ungwan Kumai suka koma ɗaukar buhunan citta a ka suna ratsa kogi. An yi alkawari lokacin zaɓe, zaɓe ya wuce, alkawari ya bi ruwa. Da abin ya ishi matasa sai suka kira taro a wani ajin makaranta. Kowa ya faɗi ciwonsa. Ba wanda ya kula da wasu samari da suka zauna a benci na baya da wayoyi a hannu.

Ba a jima ba aka ɗauke Malam Rufus daga makarantar da yake koyarwa, shi da ya fi kowa magana a ranar, aka cilla shi wani ƙauye can bayan Kauru inda ko babur ba ya kaiwa da damina. Wasu aka kira su a waya aka maimaita musu abin da suka faɗa, kalma bayan kalma. Ko hirar da ake yi a zauren tattaunawa na waya, kafin a gama ta ta isa kunnen Oga. Sai gari ya koyi raɗa. A teburin mai shayi a yi maganar ƙwallo, a yi ta farashin taki, da an doshi gada sai kowa ya kurɓi shayinsa. Samari suka cusa katin zaɓe ƙarƙashin katifa, suka ce ƙuri'arsu da babu duk ɗaya.

Faustina ta wayi gari tana jin kanta baƙuwa a garin da aka binne cibiyarta. Ita ce ta tara ƙawayenta da 'yan ƙungiyar matasan coci a tsohuwar rumfar tasha, ta ce musu, "An hana mu magana, ai ba a hana mu rawa ba."

Suka nemo ganguna da ƙaho, suka ɗaura akayau, suka tono rawar kakanni. Ba waƙa, ba baƙi ko ɗaya da wani zai ɗauka ya kai. Ƙafa ce take faɗin yadda ake ratsa ruwa da kaya a ka, kafaɗa take faɗin yadda ake waiwaye kafin a buɗe baki. Kamsi Ifediora, mai ɗaukar bidiyon biki da suna, ya zo ɗaukar gwaji ɗaya, bai sake fashi ba. Kafin a ankara ya ɗauki abin da ya fi rawa, wato zuciyar Faustina, ita ma ta ba shi da hannu biyu.

Da ta fito daga falo, a kicin ta tarar da Mama tana hura gawayi. Tana zama kan kujerar tsuguno hawayen da ta riƙe suka ɓalle.

"Mama, me na yi wa Baba? Na yi karatun da yake so, na kama aikin da yake so. Ban taɓa jawo masa magana ba. Abu ɗaya na zaɓa wa kaina, shi ne za a ce a'a?"

"Share idonki, hayaƙi ya ishe shi."

"Mutumin da ya sa a bi ni a baya kamar ɓarauniya, shi zan kira maigida? In na shiga gidansa ko tari na yi sai an rubuta."

Mama ta ɗora tukunya, ta zauna kusa da ita. "Ki ji ni da kyau. Babanki ba ƙin yaron nan yake yi ba. Tsoro yake ji. Ya ga abubuwa a garin nan da ke ba ki gani ba. Ya ga yadda ake kwana lafiya da maƙwabci a tashi ana kallon juna. Gani yake in kin raɓi mai ƙarfi ba abin da zai taɓa ki."

"Ke fa, Mama?"

Mama ta ɗan murmusa. "Ni? Yaron da ya ɗauki taron zumuntar mata ya fito da ni kamar amarya? Wanda ya ci fatena har ya lashe cokali ya nemi ƙari? Ni ban ce komai ba. Amma ina addu'a, kuma Ubangiji ya san inda addu'ata ta karkata."

Faustina ta yi dariya cikin kuka, ta kwantar da kai a kafaɗarta.

Washegari da aka tashi daga makaranta ta wuce kasuwa, shagon atamfar Mama Augustina, mahaifiyar Kamsi. Matar tana ganinta ta ware hannu.

"'Yata, kin zo? Shiga, shiga. Yana ciki tun safe, bai ci komai ba. Na ce masa in ya mutu da yunwa wa zai aure ki?"

Kamsi yana ɗan ɗakin baya inda yake haɗa fim, ya tasa kwamfuta a gaba amma ba ita yake kallo ba. Labari ya riga ya iso shi. Ya jawo mata kujera.

"Fausti, na yi tunani. Mu fasa na Asabar."

"Ka ce me?"

"Mu fasa. In ma kamarar ce matsala, zan ajiye ta. Zan zauna a shagon nan in riƙa auna yadi. Baba ya ga na natsu, wataƙila ya sauko. Zan iya rasa fim. Ke ce ba zan iya rasawa ba."

Ta kalle shi, idonta ya ciko.

"Kamsi, in ka ajiye kamarar nan saboda ni, to wa zan aura? Ai ba kai ba ne kuma. Wani ne mai kama da kai, yana auna yadi yana jin haushina a ciki."

"Ba zan ji haushinki ba."

"Za ka ji. Ni ma zan ji na kaina. Matan ƙauyen nan fa? Mun ce musu za mu zo, sun ce za su fito da buhunansu. Mu ma mu zama masu alkawari su ɓace?"

Ya sunkuyar da kai yana murza zoben makullin babur. Can ya ce, "Kin san abin da yake ci mini rai? A nan ni Ibo ne. In na je ƙauyen kakana Kirsimeti, sai su ce ga ɗan Hausa ya iso, har yara suna dariyar yadda nake magana. Ko'ina ni ɗan wani wuri ne. Inda kawai nake jin ni ɗan gari ne shi ne idan na tsaya bayan kamara, ganga ta tashi, na hango ki a tsakiya."

Hawayen suka zubo mata. "To ka tsaya a wurin. Kada ka matsa ko taku ɗaya."

"In Baba ya gani ya ƙara hawa sama fa?"

"Ya hau. Amma ya ga gaskiyata da idonsa, ba wadda aka ɗauko masa daga bayan bishiya ba."

Mama Augustina ta leƙo da kwanon shinkafa. "Kun gama kuka? To ku ci. Soyayya ba ta riƙe ciki."

Ranar Asabar gari ya waye da sauran yayyafi, rana ta fito fes. Duwatsu suka yi kore shar, kogin Ungwan Kumai ya yi ja yana gudu a ƙarƙashin guntun gadar da ya rage, ƙarafa sun turo kamar haƙarƙarin ramammiyar saniya. Ƙauyen kaf ya fito. Mata suka jera buhunan citta a bakin gaɓa, yara suka hau bishiyoyin mangwaro.

Kamsi ya kafa kamara, ya ɗaga hannu. Ƙaho ya yi kuka, ganga ta amsa.

Faustina ce a gaba. Ta ɗora hannu biyu a ka kamar mai riƙe da buhu, ta ɗaga ƙafa a hankali kamar mai laluben dutse a cikin ruwa, akayau yana cas, cas, cas. 'Yan baya suka bi sahu. Suka yi tangaɗi kamar ruwa zai ja su, suka riƙo juna, suka miƙe. Matan ƙauye suka rangaɗa guɗa, don kowacce ta gane kanta. Daɗi ya ratsa Faustina tun daga tafin ƙafa. Rabon da ta ji ƙirjinta sakayau haka har ta manta.

Ana cikin haka baƙar motar ta gangaro, wata a bayanta.

Samari suka diro suka warwatsu, kowa ya ɗaga waya. Leonard ya buɗe wa Baba Silvanus ƙofa, ya fito da sandarsa. Faustina ta haɗa ido da mahaifinta. Mai ganga ya rage hannu. 'Yan matan baya suka fara jan ɗankwali suna rufe fuska, wasu samari suka juya baya. Tsohon shirun nan ya fara saukowa a kan wurin.

Sai wata tsohuwa ta fito daga cikin mata, 'yar ƙarama, bayanta ya ranƙwafa. Bara ruwa ya tafi da cittarta ta shekara guda a daidai wurin nan. Ta tsaya ta ƙare wa samarin masu wayoyi kallo. Ta sunkuya ta cire silifa ɗaya, ta ɗaga ta daidai fuskarta da hannu biyu kamar waya, ta ƙanƙance ido, ta fara takawa wajensu tana leƙe dama da hagu, tana karkaɗa ƙugu.

Wani yaro a kan mangwaro ya fara ƙyalƙyalewa. Sai mata suka kwashe. Sai wurin gaba ɗaya ya ɓarke da dariya.

Mai ganga ya dawo da ƙarfinsa. Faustina ta fizge takalminta ta ɗaga, 'yan rawa suka yi haka, matan ƙauye suka yi haka, har masu goyo. Aka yi wa masu wayoyi zobe, kowa yana ɗaukar su hoto da silifa, ana durƙusawa, ana miƙewa, ana matsowa kusa kusa kamar masu neman fuska ta fito sosai. Samarin suka rasa inda za su sa kansu.

Tsohuwar ta tsaya a gaban wani dogo, ta sauke silifarta.

"Jason! Kai ne? Ashe aikin da aka ce ka samu a gari ke nan? To ɗauki kakarka da kyau, jikana. Ka kai musu su ga ƙafar da take ratsa ruwan nan."

Yaron ya sauke waya, kunya kamar ƙasa ta tsage. Ta kamo hannunsa ta jawo shi fili. Ya ɗan toge, amma gangar ƙauyensu ce, da ita aka yaye shi. Kafaɗarsa ta fara motsi da kanta. Guɗa ta tashi har ta rufe ƙarar kogi.

Rawa ta kawo Faustina kusa da mota, har tana jin muryar Leonard, wanda fuskarsa ta haɗe kamar hadari.

"Baba, ka gani ko? Raini ne wannan. Kai ka koyar da yaran nan duka. Wancan mai ƙaho ɗan gidan wa ne? Waccan mai jan ɗankwali fa, da ta rufe fuska? Ka taimaka mini da sunayensu, Oga ba zai manta da kai ba."

Baba Silvanus ya juyo a hankali. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Wato abin da ya sa ka ɗauko ni ke nan."

"A'a Baba, ni dai..."

"Kai ma na koyar da kai, Leonard. Tun kana ƙaramin aji kake zuwa ofishina kana kawo mini sunayen masu surutu, ba tare da na aike ka ba. Na ɗauka in ka girma za ka daina." Ya nuna filin da sandarsa. "Waɗannan na koya musu rubuta sunansu don su zama mutane. Ban koya musu don in zo da furfurata in miƙa maka ba."

Ya bar shi a tsaye, ya ratsa tsakiyar masu rawa, ana dare masa hanya, har gaban Kamsi. Faustina ta tsaya cak, takalmi a hannu.

"Kai, yaro. Abin nan yana ɗauka?"

Kamsi ya gyaɗa kai. "Yana ɗauka, Baba."

Tsohon ya gyara wuyan riga, ya miƙe ƙyam kamar a gaban taron ɗalibai da safe. Aka tsayar da kiɗa.

"Sunana Silvanus, tsohon hedimasta, gidana yana Kafanchan, kowa ya sani. In suna ake nema, ga nawa, ba sai an wahala ba. Gadar nan ta karye. Mai ido ya gani. Shi ke nan maganata."

Ya juya ga mai ganga. "Wa ya ce ka tsaya?"

Faustina ba ta san lokacin da ta sake faɗawa fili ba. Tana rawa tana kuka tana dariya, duk a haɗe. Ta gefen ido ta ga baƙar motar ta juya a fusace tana watsa taɓo, ta haura ta ɓace.

Sai da rana ta take aka tashi. A nan ne Baba ya duba dama da hagu ya tuna wanda ya kawo shi ya tafi. Motar da ta kwaso 'yan rawa buɗaɗɗiya ce, ta cika da ganguna da mutane, ba wurin dattijo.

Kamsi ya matso yana sosa ƙeya. "Baba, in ba za ka damu ba, ga babur."

Baba ya dubi babur, ya dubi yaron. "Ka iya tuƙi, ko irin na samarin yanzu?"

"Zan bi a hankali, Sa."

Haka Faustina ta tsaya a bayan mota tana kallon mahaifinta a bayan Kamsi, sanda a gicciye a cinya, hannu ɗaya ya damƙe rigar yaron tamau. Duk ramin da suka faɗa sai ta ga bakin Baba yana motsi, ta san faɗa ake sha. Ƙawayenta suka yi ta zolayarta har cikin gari, ita kuwa bakinta ya ƙi rufuwa.

Ta iso gida ta tarar da babur a ƙofa. Kamsi yana tsaye a waje kamar wanda aka kora daga aji.

"Me ya ce?" ta tambaya da raɗa.

"Ya ce in jira. Fausti, hanyar nan kaf tambayoyi ya yi ta yi mini. Har ayar haddace sai da ya sa na kawo."

Muryar Baba ta fito daga ciki. "Patricia! Yaron nan zai tsaya a waje kamar mai tallan gawayi? A kawo abinci."

Aka shimfiɗa tabarma a falo. Tuwon acca da miyar karkashi, ga naman kaza da Mama ta ce wai dama can ta yi niyyar yankawa. Anti Lucy ta zo jin yadda aka ƙare, ta tarar da Kamsi yana wanke hannu a kwano ɗaya da yayanta. Ta zauna a bakin kujera ta tsuke baki.

Baba ya dube shi ta saman tabarau. "Kada ka ɗauka na ce na yarda. Cewa na yi ka ci abinci."

"Na gane, Baba."

"Fim ɗin nan, in ka haɗa, ina za ka kai shi?"

"Za mu fara nuna wa mutanen ƙauyen a filin cocinsu, su suka fi kowa haƙƙi. Duk wanda ba ya son fuskarsa ta fito zan rufe ta. Bayan nan mu sake shi kowa ya gani."

"Tawa kada ka rufe."

"To, Baba."

"Ka san abin ba zai tsaya nan ba? Mutanen nan ba sa yafe dariya. Gara ka zage su da ka sa a yi musu dariya."

"Na sani."

"In ya yi zafi, ina za ka gudu? Gabas?"

Kamsi ya ajiye hannu a gwiwa. "Baba, kabarin babana yana garin nan, na kakana ma. Ba ni da inda zan gudu. In an kore ni daga Kafanchan, daga gida aka kore ni."

Faustina tana durƙushe da jug ɗin ruwa, ta kasa zubawa. Baba ya dubi tuwon da ke gabansa.

"Ka gaya wa mamanka," ya ce daga ƙarshe, "ta nemo manyanku. Ƙofar gidan nan ba a kulle take ba. In sun zo za mu ji abin da ya kawo su."

"Yaya!" Anti Lucy ta zabura. "Yanzu Leonard fa? Me za mu ce masa?"

"In kina sonsa, Lucy, ai ke ma kina da 'ya."

Mama ta yi saurin kai gefen zani baki. Faustina ta ajiye jug, ta rarrafa ta dafa gwiwar mahaifinta.

"Baba, na gode. Ubangiji ya ƙara maka kwana."

"Tashi, tashi. Rawar ma da kike taƙama da ita, kafaɗarki ta hagu ba ta sauka daidai. Kakarki ta fi ki nesa ba kusa ba."

Ana cikin dariya wayarta ta ɗauki ƙara a kan tebur. Kowa ya ga sunan da ya fito: Leonard. Kiran ya katse, wayar ta sake ɗaukar ƙara. Dariyar ta tsaya. Kamsi ya dubi Faustina, Faustina ta dubi Baba.

Baba Silvanus ya miƙa hannu ya kife wayar a kan fuskarta.

"Mai magana ya zo ƙofa ya yi sallama, ya same mu a zaune. Yanzu abinci muke ci." Ya rufe ido, ya sunkuyar da kai. "Kamsi, ɗana, yi mana addu'a kafin tuwo ya huce."